Baƙin Tabarau Mai Jure Wahala

A ƙasar Hausa baƙin tabarau ba shi da farin jini wurin manya. Da zarar dattijo ya hangi saurayi ya rufe idanunsa da shi, to, ya gama yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba: ko dai ɗan gayu ne mai ji da kansa, ko kuwa akwai abin da ya sha wanda ba ya so a gani a ƙwayar idonsa. In an kyautata masa zato ƙwarai sai a ce wataƙila apolo ke damunsa, watau ciwon idon nan da ya ɓulla a Gana cikin 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, har ya ci sunan kumbonsu. Waɗanda suka yi wayo zamanin mulkin Janar Sani Abacha, daga 1993 zuwa 1998, su kuma wata fassara ce dabam ke zo musu, ta mai iko wanda yake kallonka amma kai ba ka san inda idonsa ya dosa ba. Mu mutane ne masu karanta ido. Da ido ake ciniki, da ido uwa ke tsawata wa ɗanta a gaban baƙi, rashin kunya ma tsaurin ido muke ce masa. Saboda haka wanda ya ɓoye idonsa ya ɓoye rabin maganarsa, ban kuwa ga laifin manya ba da suke ƙyamarsa.

Amma fa akwai waɗansu bayin Allah da tabarau ba ado ba ne a gare su, kayan aiki ne kamar yadda fartanya take ga manomi. Akwai direbobin manyan motoci, da 'yan acaɓa, da masu awon hanya, da masunta, da kuma ɗaliban da sashensu kan kwasa zuwa daji kowace shekara. Ni ina cikinsu ta fuska biyu. A nan jami'a labarin ƙasa nake karantawa, aikinmu kuwa ba ya cika sai an hau duwatsu an shiga kwazazzabai da rana tsaka. In an yi hutu kuma babur ɗin yayana nake karɓa in yi jigilar mutane, musamman ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, da abin da na tara nake biyan kuɗin rajista. Duk wanda ya taɓa bin bayan motar shanu a hanyar burji cikin hunturu, ko ya fuskanci kwalta tana kawalwalniya cikin bazara, ba sai an gaya masa amfanin tabarau ba. Abin da ke da wuya shi ne samun wanda zai kai ƙarshen hutu da ransa.

Mai karatu, tsaya ka lissafa irin wuyar da tabarau ke sha a hannun Bahaushe. Tun da yake ba a gai da babba da shi a fuska, sai ka cire shi a ƙofar kowane zaure, ka cire in fasinja dattijo ne, ka cire in malami ya tsai da kai. Ga alwala da salla sau biyar. Kafin rana ta faɗi ka lanƙwasa ƙafafunsa ka miƙe sun fi sau talatin. In an cire kuma ina zai tafi? Aljihun gefe na riga, inda makullai da waya da goro suka riga shi zama. Da shi a nan za ka durƙusa ka yi gaisuwa, da shi za ka cusa kanka cikin ƙaramar mota ku huɗu a baya, wani ƙato ya danne maka cinya. In ka sa shi a aljihun ƙirji, kana sunkuyawa ɗaukar buta sai ka ji shi a kan siminti. Masu ƙera tabarau a Turai suna tunanin mutumin da zai sa nasa da safe a bakin teku, ya mayar cikin gidansa da yamma. Ba da mu suka yi shawara ba, saboda haka mu ne za mu duba da kanmu.

Bari in fara da idon tabarau, watau gilasan nan biyu da ake gani ta cikinsu, domin a nan ne hatsarin yake. A kasuwa za ka ji mai talla yana ƙwanƙwasa shi da farce yana cewa, "Malam, ji nan, kwalba ce zalla, ba roba ba." A wurin yawancin mutane kwalba ita ce ta ƙwarai, roba kuwa ta yara ce. Kwalba tana da halinta na kirki, ba ta saurin karcewa, gani a cikinta kuma garau yake. Sai dai halinta ɗaya ya shafe waɗannan duka ga mai hawa babur. Shekara uku ke nan yayana yana tafe bayan wata tifa mai ɗauke da tsakuwa, sai tayarta ta harbo dutse bai fi ƙwayar gurjiya ba, ya sami tabaransa na kwalba a ido na dama. Da fuskarsa a buɗe take wataƙila kumburi kawai zai yi. Amma sai kwalbar ta tarwatse ciki. Likita ya daɗe yana tsince ɓaraguzai daga fatar idon da kuma cikin idon kansa. Allah ya taimaka bai makance ba, amma tabo ya zauna a baƙin idon, har yau in fitilar mota ta haske shi da dare sai ya ga ta rabu kamar tauraro. Tun daga nan ya bar aikin dare, rabin abin da yake samu ya tafi. Dalilin da ya sa babur ke zuwa hannuna cikin hutu ke nan.

Roba kuma ba iri ɗaya ba ce, a nan ne mai saye ke ruɗewa. Akwai ta arha wadda ake cika allunan 'yan talla da ita, mai ƙarfin hali a ido amma in ta sha bugu sai ta tsage da kaifi kamar reza. Akwai wadda masu yanka tabaran likita suka daɗe suna aiki da ita, sunanta CR-39, an haɗa ta a Amurka cikin 1940, aka fara yin idon tabarau da ita cikin 1947. Nauyinta kusan rabin na kwalba ne, gani a cikinta da kyau, ta kuma fi kwalba jure bugu, amma ita ma tana da iyaka. Sa'an nan akwai folikabonet, wadda masana biyu suka gano cikin 1953 kowa a ɗakin bincikensa, Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus da Daniel Fox a kamfanin General Electric na Amurka. Ko ba ka san sunanta ba ka san ta. Ita ce jikin faifan CD, ita ce murfin fitilar gaba ta motocin zamani, da ita ake yin garkuwar nan mai haske ta 'yan sandan kwantar da tarzoma, wadda ake jifa da duwatsu ba ta fashe ba. Halinta shi ne in ta sha bugu sai ta lotsa ta shanye, ba ta watsewa. Ga wanda dutse zai iya samu a fuska, ban san abin da ya kai ta ba a cikin abin da aljihun ɗalibi zai iya.

Waɗannan abubuwa ba da baki ake tabbatar da su ba, akwai jarrabawa. A Amurka tun 1972 doka ta ce kowane idon tabarau sai ya iya jure ƙwallon ƙarfe mai nauyin kimanin giram 16 da aka sako masa daga tsayin santimita 127. Wannan ita ce ƙaramar jarrabawa, ta tabaran yawo, kwalba ma in an gasa ta yadda ya kamata takan ci. Babbar jarrabawa ta tabaran ma'aikata ce. A cikinta ana sako wani ƙarfe mai tsini, nauyinsa giram 500, daga wannan tsayin, kana a harbo ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 6 da gudun da ya ɗara kilomita 160 a sa'a. Ba a yarda idon ya fashe ba, ba a kuma yarda ya fice daga firam ɗinsa ba. Wanda ya ci sai a buga masa alamar Z87+ a jiki. Mutanen Turai su ma sun taɓa fito da tasu mai kama da ita, lambarta EN 166, harafin F a jikin tabarau shi ke nuna ya jure ƙwallon da aka harbo da gudun mita 45 a daƙiƙa. Da na fara karanta waɗannan alƙaluma, tsakuwar tifa ce ta faɗo mini a rai, domin girmansu da gudunsu ba su da nisa da juna.

To, amma kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, folikabonet ma tana da nata aibi, kuma a ƙasarmu aibin nan babba ne. Taushi gare ta, tana karcewa da wuri. Masu ƙira sukan shafa mata wani siririn abu mai tauri a sama don ya kare ta, amma shafen bai kai kwalba ba. A nan karatuna na aji ya yi mini rana. Ƙurar hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mafi yawanta iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, gindin wani babban tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. A hannu takan yi laushi kamar hoda, amma cike take da garin kwaz, farin dutsen nan da shi ne jikin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara cikin 1812, kwaz yana kan mataki na 7, kwalbar taga tana wajen 5 da rabi, roba kuwa tana can ƙasa nesa. Ma'anar wannan ita ce, ƙurar da ta kwanta a kan tabaranka ta fi shi tauri, ko na kwalba ne balle na roba. Duk sa'ad da mutum ya huro masa iska ya kama gefen riga ya murza, kamar yadda kowa ke yi, to, takardar gugar katako ya sa masa. Shadda mai sitaci ta fi kowane ƙyalle ɓarna. Mako biyu na irin wannan shafa sun isa su mai da sabon tabarau kamar ana leƙe ta cikin hazo.

Maganin abin ba tsada. Ruwa ake fara zubawa ya tafi da ƙurar, ko na buta ne, in da hali a ɗiga sabulun ruwa kaɗan a murza da yatsa, a ɗauraye, sa'an nan a tsane da tsumma mai laushi wanda aka keɓe masa shi kaɗai. Ni a lokacin alwala nake wanke nawa, tun da ga ruwa ga zama. Abin da kuma mai babur zai kiyaye shi ne fetur. Folikabonet da ke shanye bugun dutse ba ta jure fetur, ko turare, ko ruwan goge jan farce, sukan sa ta yi dishi-dishi ko ta tsattsage. Hannun da ya taɓa tanki kada ya taɓa idon tabarau.

Sai maganar duhu. Mai saye yakan ɗaga tabarau sama ya dubi rana, in ya ga ya yi baƙi ƙirin sai ya ce wannan shi ne mai ƙarfi. Alhali kuwa duhu dabam, kariya dabam. A cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske da ido ba ya gani, masana na kiransa UV, shi ne mai cutarwa, launin tabarau kuwa ba shi ke tare shi ba. Akwai farin tabarau tas mai tare shi duka, akwai baƙi wuluk da ke barinsa ya wuce. Na biyun nan ya fi rashin tabarau muni. Dalili kuwa, 'yar ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido Allah ya yi ta tana tsukewa da kanta in haske ya yi yawa, mutum kuma yakan runtse ido. In ka sa mata duhu sai ta saki jiki ta buɗe, ta ɗauka inuwa ce, mugun hasken ya sami ƙofa a wangale.

Kada a ɗauki wannan wasa. Binciken makanta da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta yanar ido ce ta kawo ta. Tsufa shi ne babban sanadin yana, wannan haka yake, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin ɗari na makantar yana rana ce ke da hannu a ciki. Akwai kuma wani tsiron nama da kan taso daga gefen ido ta wajen hanci, ya yi ta rarrafe a hankali har ya hau baƙin ido. Ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu, ga mutanen da ke wuni cikin rana da iska da ƙura. Kawuna ya yi shekara talatin yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Damagaram, yana da shi a ido biyu. Ran nan da ya ga tabarau a hannuna sai ya ce, "Ɗan nan, mu a zamaninmu wanda ya sa wannan ba a ba shi mata." Na ce, "Kawu, ai yanzu ma sai an cire ake zuwa gaisuwar surukai." Ya yi dariya, yana yi idon na zub da ruwa. Manomanmu dai sun riga kowa dabara da suka riƙe malafa, domin inuwarta tana rage abu mai yawa, sai dai malafa ba ta zama a kan mai gudu da babur.

Abin da ake nema a jikin tabarau shi ne alamar UV400. Wani abin daɗi kuma, folikabonet tun daga halittarta tana tare kusan dukan wannan haske, ba sai an shafa mata kome ba, saboda haka wanda ya same ta ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Matsalar ita ce takardar liƙawa ba ta da wuyar bugawa, kowa na iya manna ta. Masu shagon tabaran likita da yawa suna da na'urar awo, cikin daƙiƙa kaɗan za su gaya maka gaskiya. In babu, akwai dabarar da wani ɗan canji ya nuna mini. Ka sami 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da suke duba kuɗi da ita, ka haska takardar naira a wuri mai duhu, za ka ga waɗansu alamomi sun taso suna ƙyalli. Sai ka sa idon tabarau tsakanin tocilan da kuɗin. In alamomin sun mutu, tabarau na aiki. In suna nan suna haskawa, ajiye wa mai shi kayansa. Na taɓa yin wannan a gaban wani mai talla da tabarau shida, biyu suka faɗi. Bai ji haushi ba, shi ma leƙowa ya yi, domin yadda aka ba shi a kwali haka ya jera su.

Shi kansa duhun yana da daraja, daga 0 zuwa 4, akan rubuta lambar a cikin ƙafar tabarau. Mai lamba 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya shiga, shi ne daidai da ranarmu. Mai lamba 4 kashi 3 zuwa 8 kawai yake bari, an yi shi don masu hawan duwatsun ƙanƙara, an kuma hana tuƙi da shi. Wani gwaji mai sauƙi kafin ka biya: riƙe tabarau nesa da fuska, rufe ido ɗaya, dubi gefen ƙofa ko sandar lantarki ta cikinsa, ka motsa shi sama da ƙasa a hankali. In miƙaƙƙen abu ya riƙa lanƙwasa kamar maciji, idon ba daidai aka zuba shi ba, ciwon kai za ka saya.

Yanzu sai firam. Na lura tabarau bai cika mutuwa ta ido ba, ta gaɓa yake mutuwa, watau inda ƙafa ke haɗuwa da fuska. Siririn firam na ƙarfe, mai ruwan zinariya, shi ya fi kyan gani a madubin mai talla, shi ne kuma ya fi saurin tafiya. Yawancinsa gaurayen nikel ne da jan ƙarfe, gumin bazara na cinye ruwan da aka shafa masa, ya yi kore a bayan kunne da kan hanci, waɗansu ma har fatarsu ta yi ƙaiƙayi. In aka zauna a kansa sau ɗaya ya karkace, in aka miƙe shi sau uku ya karye a inda aka yi masa walda. 'Yan robobin nan da ke zama a kan karan hanci kuwa kamar haƙoran yaro suke, kullum cikin faɗuwa. Wanda ba shi da firam sam, aka huda idon aka ɗaura ƙafa a jikinsa, wannan na masu ofis mai sanyi ne, kada ma ka taya. Firam mai kauri na roba mai sheƙi ya fi waɗannan, sai dai yana da nauyi, zafi kuma na sa shi ya saki. Wanda na ga ya fi jimiri shi ne na wata irin roba dangin nailan, wadda wani kamfanin Suwizalan ya fito da ita, akan rubuta TR90 a jikinta. Ba ta da nauyi, in ka buɗa ƙafafun a hankali sai su ba da kai su komo yadda suke. Roba marar kyau kuwa za ka ji tana ƙara, ko ka ga wurin lanƙwasar ya yi fari. Wannan farin shi ne sallamarta.

Gaɓar kanta a dube ta da kyau. In ta ƙarfe ce, ƙirga 'yan zobban da suka shiga juna notin ya ratsa su: akwai mai uku, akwai mai biyar, akwai mai bakwai, yawansu shi ne ƙarfinta. Mai sifirin a ciki tana da daɗi a fuska, amma ran da sifirin ya tsinke babu mai gyara a garinmu. Wadda na fi so ita ce wadda ba ta da noti ko kaɗan, ƙafar robar ce aka maƙala cikin wani gurbi, in ta sha matsi sai ta fice, ka ɗauka ka mayar ta ce ƙas. In kuwa mai noti ce, kai ta wurin mai gyaran agogo ya ɗaure, sa'an nan ka ɗiga wa kan notin jan farce marar launi don kada ya kwance. Ni wurin ƙanwata nake ara, ta daina tambayata abin da nake yi da shi. Siffa ma abin dubawa ce. Tabarau mai zagaye fuska har gefe ya fi shimfiɗaɗɗe, domin ƙura da ƙwari da hasken da ke shigowa ta gefe duk yana tare su, kuma ba ya zamewa in an faɗa rami.

Ban ce kome ba game da suna, alhali shi ne abin da ɗalibi ke fara dubawa. Sunan da ya fi tashe shi ne Ray-Ban, wanda kamfanin Bausch & Lomb ya fito da shi cikin 1937 bayan ya ƙera wa matuƙan jiragen saman sojan Amurka tabarau. Cikin 1999 aka sayar da sunan ga kamfanin Luxottica na Italiya, wanda ya ƙara da sayen Oakley cikin 2007. Na asali kaya ne mai kyau, ban musa ba. Amma kuɗinsa ya isa ɗalibi ya ci abinci wata da watanni, sanannen samfurinsa kuma siririn ƙarfe ne da idon gasasshiyar kwalba, an yi shi don mai zaune cikin jirgi, ba don aljihun da ke cike da makullai ba. Wanda ke kan allon talla da wannan suna a kuɗin kwano biyu na shinkafa kuwa, kowa ya san sunan kawai aka ara. Kullum ina mamakin abokaina da za su yi awa guda suna gardama a kan ko tambarin ya yi kama da na gaske, babu mai tambayar da me aka yi idon.

Ni ba wurin masu kayan ado nake sayen nawa ba. Ina zuwa layin masu sai da kayan ma'aikata ne, inda ake rataye takalman ƙarfe da hulunan kwano da safar hannu. A nan akwai tabaran kariya masu duhu, na kamfanoni irin su 3M da Uvex, idon folikabonet, firam mai zagaye fuska, kuɗinsu kuma bai kai na jabun mai babban suna da ake sayarwa a kanti ba. A can ma akwai jabu, saboda haka nakan duba ko alamar Z87+ ko EN 166 a jikin robar aka zana ta, a firam da kuma kusurwar ido, ba a takarda aka manna ba, in kuma gwada da tocilan. Ran da na fara shiga aji da shi a goshi abokai suka ce ga mai walda ya zo. Da ma dai masu waldar za su ji. Sau nawa muke wucewa mu ga yaro yana walda da baƙin tabaran yawo, ko ma ido tsirara? Hasken walda ya fi ƙarfin kowane tabaran rana, har da nawa, yana ƙona fatar ƙwayar ido, da dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Wannan aiki da garkuwarsa ta musamman.

Akwai kuma mai kashe ƙyalli, wanda ake rubuta wa Polarized, dabarar Edwin Land ce, mutumin da ya kafa kamfanin Polaroid cikin 1937. Ga masunci ko direban da gilasan motoci ke kashe wa ido yana da amfani ƙwarai. Gane shi ba wuya, dubi fuskar wayarka ta cikinsa ka juya shi, za ka ga ta yi duhu. Sai dai na arha ganye-ganye ne siririya aka liƙa, zafi da gumi na ɗaye su tun daga gefe, waɗansu mahaya kuma ba sa sonsa domin yana ɓoye ƙyallin baƙin mai da ya zube a kwalta. Ni dai ban nemi shi ba.

Kome ƙarfin tabarau, sai da gida mai tauri, irin wanda in an taka ba ya lotsawa. Jakar tsumma ƙura kawai take tarewa, ba ta hana ƙato danne shi. Na ɗaura wa nawa igiya, in zan gai da mutum sai in sake shi ya sauka a ƙirji, gaɓa ta huta, aljihu ma ya huta. Ba na barinsa a gaban mota, domin wurin nan in rana ta buga shi awa guda zafinsa kan kai kusan digiri 70, ya isa ya tsattsaga shafen ido ya karkatar da firam. Da rana ta yi ja kuma nakan cire shi, in sa farin irinsa saboda ƙwari, domin duhun magariba da baƙin tabarau su ne ke haɗa mai babur da jaki.

Wanda nake sawa yanzu ya shiga shekararsa ta biyu. Ya je Maigatari ban san iyaka ba, ya hau duwatsu tare da 'yan ajinmu, ya faɗi a kwalta, ƙafarsa ta hagu ta fice sau uku na mayar. A idon dama akwai wani ɗan rami kamar an dasa tsinin allura, inda tsakuwa ta same shi cikin hutun da ya wuce, ban ma tsaya ba sai da na sauke fasinja. Masu ƙera irinsa sun ce in ya sha bugu mai ƙarfi a canja shi ko bai fashe ba, ga shi kuma karce ya fara taruwa a tsakiya, in na fuskanci yamma da la'asar sai hasken ya watsu in riƙa ganin hanya dishi-dishi. Na riga na sayi biyu a makon jiya, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya.